Gaba Ashirin da Biyar

A tashar jirgin ƙasa ta Kano aka raba ni da dagina. Ƙarfen ubana ne, da shi ya haƙa rijiyoyi tun daga Gidan Sori har Cadawa, na gaje shi tare da sana'ar. Wani mutum mai farar riga ya same ni zaune, ya tambaye ni ina na nufa. Na ce Ikko, neman aikin haƙa. Ya ce ai Allah ne ya haɗa mu, shi ma mahaƙa yake nema. Sai dai ba a shiga jirgi da ƙarfe, in ji shi, akwai ɗakin kaya a baya, bari ya kai mani. Na ba shi. Har yau yana kaiwa.

Kwana biyu muna cikin jirgi. Mutane na kallon garuruwa, ni ƙasa nake kallo. Rairayi ya ƙare, jar ƙasa ta shigo, ita ma ta ƙare, baƙa ta karɓa. Muka ratsa koguna cike da ruwa da tsakar rani, ba ko mace guda da tulu a bakinsu. Na ce ma na kusa da ni, mutanen nan lafiyarsu ƙalau kuwa, ruwa na wucewa ba mai tare shi? Ya ce in bari mu isa.

Da muka isa Ikko rijiya na fara nema. Na samu wata a bayan zango. Na leƙa, na ga fuskata kusa kamar a cikin kwano. Wata mata ta zo da igiyar da ba ta kai ta ɗaurin akuya ba, ta ɗebi ruwanta ta tafi. Nan na gane na kawo sana'ata garin da ba a bukatar ta.

Kwana uku ban sa komai a ciki ba sai ruwa. A rana ta huɗu ina zaune gefen rumfar wata Bayarabiya mai sayar da abinci, ƙamshi kawai nake ci. Ta ƙura ma zanen fuskata ido, sai ta tafa hannu.

"Bagobiri! Bawana ya zo, ba wanda ya gaya mani!"

Tsakanin Gobirawa da Yarabawa akwai wasa tun na kakanni. Ban taɓa zaton zai ciyar da ni ba. Na tattaro sauran muryata na ce, "Iya, in ni ne bawa, don mi ke ce a bakin murhu?"

Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta zubo mani baƙin tuwon doya da miyar da rabinta barkono ne. Ina ci hawaye na zuba. Ta ce kuka nake? Na ce barkono ne. Ta ce to, nata barkonon bai saba kai nan ba, amma in ci.

Wata huɗu na yi a rumfar Iya, ina faskare, ina wanke tukwane. A can wani mai goro ya ce mani ƙasarmu ta samu 'yancin kai, Anasara ya sauka, namu sun hau. Na tambaye shi ko an yi ruwa a Gobir bana. Bai sani ba.

Sai 'yan sanda suka fara kamen marasa takardar haraji. Tawa ta ƙasar Faransa ce, ba mai karanta ta a can. Iya ta ce in tafi Kwatano, inda ake Faransanci, can takardata za ta yi magana, an ce kuma ana ɗaukar lebura a bakin teku. Ta sa ni kwalekwalen ƙanenta, ta ɗaure mani garin rogo a tsumma. Na ce mata na gode. Ta ce bawa ba ya godiya, in tafi kafin ta sayar da ni.

Kwatano a lokacin ba ta da inda babban jirgi zai raɓa. Wata doguwar gada ce ta ƙarfe aka miƙa cikin teku, ta tafi ta tafi ta tsaya ba ta haye ko'ina ba. Jirage na tsayawa can nesa, ƙananan kwalekwale su je su ɗauko kaya, ƙugiya ta ɗaga su sama. Har mutane a cikin kwando ake ɗago su, Anasara da matarshi suna lilo kamar kaji za a kai kasuwa. Na ɗanɗana ruwan teku ranar farko. Ban ƙara ba. Ruwa mai yawa haka, a ce ba na sha ba ne, wannan abin har gobe ban gama mamakinshi ba.

Shugaban lebura wani ɗan Dahome ne mai suna Kojo. Bai da mugunta fiye da aikinshi. Buhun siminti ya saɓule mani fatar kafaɗa, ta warke, ta sake saɓulewa. Zazzaɓi ya kwantar da ni sau biyu. Damina biyu suke yi a shekara, kuma ba wanda na gani yana murna da ko guda. In hadari ya haɗo, jikina ya ce mani shuka, sai in tuna ba ni da gona a nan. Na fi shekara a haka. Abin da nake samu yana kai ni gobe, ba ya kai ni gida.

Wata safiya aka sauke akwatuna masu yawa da damman dogayen tiyo na ƙarfe. A jikin kowane akwati an shafa launi uku, ruwan lemu da fari da kore, da ɗan kewaye a tsakiya. Na tambayi Kojo tambarin wane kamfani ne. Ya ce, "Kai wawa, tutar ƙasarku ce." A jikin akwati na fara ganin ta.

Wanda gwamnati ta aiko karɓar kayan saurayi ne siriri, mai gilashi, da gajeren wando irin na 'yan lakol, wato makarantar boko. Sunanshi Hamani, Bazabarme ne, an ce injiniya ne, a Dakar ya yi karatu. Ya bi layin lebura yana neman mai jin Hausa. Ya tsaya a kaina.

"Ke, Bagobiri, mi ta kawo ki nan?"

Zabarmawa ba su raba mace da namiji a magana. Su ma abokan wasanmu ne. Mai boko kuwa Mushe muke ce mashi, kalmar girmamawa ce ta Faransanci. Na ce, "Mushe, duk karatun da ka yi ba a koya maka gane gemu ba?"

Kojo ya ɗaga hannu zai make ni. Hamani ya ce a bar ni, ni yake so.

Kayan famfuna ne na hannu, gwamnati ta saya don rijiyoyin ƙasar Maraɗi. Ni ke ɓalle akwati, shi yana dubawa. Na sa ido in ga mi ne aikinshi, don ban gane ba. Bai ƙera ba, bai haƙa ba, bai ɗauki kaya ba. Sai ya ɗauki wannan ƙarfe ya gwada a bakin wancan. Ya ɗauko sufana daga wani akwati ya sa ma noti na wani akwati. Ya auna tsawon dami, ya tafi tasha ya auno taragon jirgin ƙasa, ya dawo. Wata rana ya shanya 'yar fatar da ke cikin famfo a kan kwano da tsakar rana, ya zauna yana kallon ta kamar mai gadin kilishi.

Na kasa haƙuri. Na ce, "Mushe, wai gwamnati biyan ka take don wannan?"

Ya ce kan famfo daga wata ƙasa aka sayo shi, tiyo daga wani kamfani, sufana daga wani. Kowanensu ya iya aikinshi, amma ba wanda ya taɓa ganin na ɗan'uwanshi.

"Maƙeri ta yi wuƙa mai kyau," in ji shi, "baduku ta yi kube mai kyau. Wa ke duba ko wuƙa na shiga kube?"

"Mai wuƙar."

"To gwamnati ce mai wuƙar. Ni ne idonta."

Abin ya zauna mani. Ban san akwai sana'ar da ke tsakanin sana'o'i ba. Na riƙa yi mashi tambaya, yana amsawa, don shi ma bai da abokin hira a garin. Ya zana mani a ƙasa yadda za a kafa famfon. Za a rufe bakin rijiya da faifan siminti, ƙazanta ta daina faɗawa, yara su daina faɗawa. Tiyo ya ratsa tsakiya ya sauka. Ba guga, ba igiya.

Ya kuma yi mani alkawari. Ranar da ya sa hannu a takardar karɓa, kaya za su hau jirgi zuwa Paraku, daga can kamiyo, babbar motar kaya, har Maraɗi, ni kuma ina bisa kayan a matsayin mai gadi. Gida ke nan. Na daina jin ciwon kafaɗa.

Ana gobe sa hannu muka ware tiyo dami dami, kowace rijiya da nata. Yana karanta sunan da ke rataye, ina jawowa. Agiye. Gazawa. Cadawa. Sai ya ce, "Gidan Sori."

Na ce, "Garinmu ne."

"To ki ɗauka a hankali."

Tiyo tara ne. Mahaƙi ba ya ganin dogon abu bai auna ba, hannu ne ke yi da kanshi. Na buɗe hannuwana a jikin guda, daga kan yatsa zuwa kan yatsa, abin da muke kira gaba. Bai cika gaba biyu ba. Na bi su duka tara. Gaba goma sha biyar da 'yan kai. Na sake. Haka dai.

Rijiyar Gidan Sori ni da ubana muka haƙa ta. Gaba ashirin da biyar ce kafin ka taɓa ruwa.

Na ce ma raina abin Anasara ne, wataƙila yana da dabarar da ban sani ba. Da muka zauna cin abinci na bi ta gefe.

"Mushe, famfon nan yana kiran ruwa daga nesa?"

Ya ce a'a. Ya nuna mani wani kan tagulla, ya ce wannan dole ya nutse cikin ruwa. In ya tsaya sama ko da taƙi guda ne, iska za a yi ta bugawa.

Na wuni ina jan ƙarfe, magana na cikina kamar tsakuwa a takalmi. In na yi shiru, jibi ina bisa kamiyo. In na yi magana, ban san abin da zai biyo ba, amma na san kamiyo ba zai tashi ba. Kuma wa zai ji lebura a kan takarda? Sai in tuna faifan siminti. Yanzu matata Hajo da sauran mata suna jan igiya har tafin hannu ya zama kamar ƙahon sa, amma suna samun ruwa. In aka rufe bakin rijiya aka sa tiyon da bai kai ba, ba famfo, ba guga. Kuma ni ne zan shigo gari bisa kayan, ana yi mani barka da zuwa.

Washegari da hantsi aka kafa tebur a inuwar sito. Anasaran kamfani ya zo da takardu, jajir da shi, yana fifita da hula. Hamani ya zauna ya cire murfin alƙalami. Da wani ne ba Bazabarme ba, ban san ko bakina zai buɗe ba. Amma abokin wasa ko sarki ne kana iya taka mashi riga.

Na ce, "Kai, ci-kopto, sarkin cin ganye, dakata. Wuƙarka ba ta kai gindin kube ba."

Kojo ya damƙo wuyan rigata. Hamani ya ce ya sake ni. Na ce tiyon Gidan Sori ba zai kai ruwa ba, da sauran gaba goma. Ya buɗe wani babban littafi, ya bi da yatsa.

"Gidan Sori, ashirin da biyar. Na ba ta ashirin da bakwai, har da ƙari."

"Ashirin da biyar ce. Ni na haƙa ta."

"To mi kike so?"

"Wa ya ba ku ashirin da biyar ɗin?"

Ya ce komi, wani malamin ofis, aka aika gari gari tun kafin 'yanci, shi ya rubuto. Sai abin ya faɗo mani. Na tuna komin. Ya zo bisa keke, ya zauna ƙarƙashin gawo a ƙofar mai gari, bai je bakin rijiya ba don rana. Aka ce a kira mahaƙi. Aka kira ni. Ya ce zurfinta nawa, na ce ashirin da biyar, ya rubuta, ya sha fura, ya hau kekenshi.

Na ce, "Ni ne na faɗa mashi. Ashirin da biyar ɗin mi ya rubuta?"

"Metir."

"Mi ne metir?"

Ya dube ni. Ya ciro wani ɗan katako rawaya mai naɗewa daga aljihu, ya warware. Na buɗe hannuwana. Ya ɗora shi daga kan yatsana. Katakon ya wuce ƙirjina da kaɗan ya ƙare. Sauran hannuna na nan miƙe, ba komai a kanshi.

Ya daɗe yana kallon hannun nan. Ya faɗi wata kalma da Zabarmanci wadda ban nemi fassararta ba.

"Don mi ba ki ce gaba ba?"

"Wa ke cewa? In mutum ya ce rijiya ashirin ce, ai ba tumaki yake nufi ba. Shi don mi bai ce metir ba?"

"Sauran garuruwan fa?"

"Duk inda ya je mahaƙi za a kira mashi. Mahaƙi kuwa da hannu yake awo."

Suka shiga Faransanci shi da Anasara. Ban ji ba, amma na ga wuyan Anasara na ƙara ja. Daga baya Hamani ya faɗa mani yadda ta kasance. Anasara ya ce abin da aka rubuta shi ya kawo, ko ɗaya bai rage ba. Gaskiyarshi ce. Ya ce kuma manya a Yamai suna jiran famfunan don bikin zagayowar 'yanci, an riga an gaya ma jama'a. Wannan ma gaskiya ce. Amma in Hamani ya sa hannu, ciniki ya rufe, ba mai ƙara tiyo ko guda. In bai sa ba, magana na nan buɗe, dole manya su zauna su gyara.

Ya mayar da murfin alƙalami.

Kafin azahar Kojo ya sallame ni. Ya ce ba shi ba ne, daga sama ne. Na ce na sani. Kaya suka koma sito, kamiyo ya bi iska.

Kwana uku Hamani na zirga-zirga gidan waya. Kullum ya dawo fuskarshi ta ƙara tsawo. A rana ta huɗu ya neme ni da wata doguwar igiya sabuwa. Muka zauna, yana aunawa da katakonshi, ina ƙulli a kowane metir. Ya ce manya sun ce ya kawo shaida, ba maganar lebura ba. Shi an hana shi barin kayan. Ni zan tafi in auna kowace rijiya da ke cikin littafin, daga baki har fuskar ruwa, in sa malamin lakol na garin ya rubuta, a aika mashi.

"Ban iya karatu ba, Mushe."

"Wanda ta iya karatu ita ta kawo mu nan."

Ya ba ni takarda mai hatimi, ya sa ni jirgi zuwa Paraku daga aljihunshi. Iyakar ƙarfinshi ke nan. Daga Paraku na roƙi direbobi, wani ya ɗauka, wani ya zage ni. Inda ba mota na taka. Na yi dako a Gaya kwana shida kafin in samu na gaba. Wani jandarma a hanya ya ce igiyar ta sata ce, na nuna mashi hatimi, ya juya takardar sama da ƙasa, ya sara mani. Kwana ashirin da wani abu na yi kafin in ga rumbunan Gidan Sori.

Hajo ta dube ni, ta dubi igiya. Ta ce, "Shekara biyu, abin da ka kawo ke nan?" Na ce shi ne. Kwana biyu na yi na fita.

Na bi rijiyoyin nan duka, daga yammacin Gidan Runji har gabashin Gazawa, a ƙasa da bisa jaki. Ko guda ba ta yi daidai da littafi ba, sai wata a Cadawa wadda wani tsohon soja da ya san metir ya ba da amsarta. Da igiyar nan na shiga aikin gwamnati. Sarwis ɗin ruwa suka riƙe ni mai awo, na tsufa a ciki.

Biki ya zo ya wuce ba famfo. Sai bayan damina biyu kamiyo suka iso. Wani injiniya ne daban ya zo da su. Na tambaye shi Hamani. Ya ce an ɗauke shi daga sayen kaya tun tuni, an tura shi can gabas cikin hamada yana tsaron sito. An ce ya kunyata manya.

A Gidan Sori tiyo goma sha biyar muka zura. Ni na riƙe na ƙarshe. Aka ɗaure kai, aka ce mai gari ya fara. Ya buga, iska. Ya buga, iska. Mutane suka fara kallona. Sai ƙarfen ya yi nauyi a hannunshi, ya yi tari, ya tofo ja, sannan fari. Mata suka yi guɗa. Ni na koma gefe na zauna.

Direban kamiyon ya ce daga nan gabas za shi da kayan sito. Na ce in ya ga wani Bazabarme siriri mai gilashi, wanda ke ce ma maza ke, ya faɗa mashi Bagobiri ya ce ya kai.

"Mi ya kai?"

Na ce, "Kai dai faɗa mashi. Ya sani."